Yadda za ki samu hutu idan ke ce ke jinyar tsoho a gida

Duk wanda ya shigo dubiya, "ya mai jiki?" zai ce, ya zauna ya ɗan taɓa hira, ya tashi. Da wuya a samu wanda zai juya ga wadda ta buɗe masa ƙofa ya tambaye ta yaushe rabonta da barcin kirki. Ita ma ba za ta faɗa ba, don tana ganin abin kunya ne a ce ta gaji da mahaifinta, ko mahaifiyarta, ko mijin da suka yi shekara arba'in tare.

Na rubuta wannan jagora da "ke" saboda mata ne suka fi ɗaukar wannan aiki a ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na awannin da ake kashewa wajen kula da masu cutar mantuwa, mata ne ke yin su. Namijin da ke jinya ya karanta da "kai", duk abin da ke ciki da shi ake.

Hutu ba ya zuwa don 'yan'uwa sun ji tausayinki. Shirya shi ake yi tun kina da sauran ƙarfi, kuma shirin yana farawa ne daga fitar da abin da ke kanki. A yanzu ke kaɗai kika san wane magani ake sha kafin abinci, ta wane gefe ake ɗaga mai jikin, da abin da yake nufi idan ya fara murza hannun kujera. Muddin wannan ilimi a kanki kaɗai yake, ko mutum goma suka yi tayin karɓarki ba za ki iya fita ba, in ma kin fita hankalinki na gida.

Mataki na farko: ki yi lissafin mako guda

Yawancin masu jinya ba su san girman abin da suke ɗauke da shi ba, domin aikin a hankali ya hau kansu. Da farko rakiya asibiti ce kawai, sai haɗa magani, sai wanka, sai aka wayi gari ba a barci. Samu takarda ki yi kwana bakwai kina rubuta abin da kika yi masa da lokacin da kika yi. Ba sai kin tsara ba: "2:40 na dare ya tashi fitsari, na canza zanin gado, na koma barci 3:30." Irin haka.

A 1963 wani likita a Amurka, Sidney Katz, ya fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi don gane yadda tsoho ya dogara da wani. Abubuwa shida ne: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bahaya, da cin abinci. A kan kowanne ki tambayi kanki: yana yi da kansa, ko sai an taimaka, ko sai an yi masa gaba ɗaya? Amsar ce za ta nuna miki irin mutumin da zai iya karɓarki. Tsohon da ke ci da hannunsa, yana zuwa bayan gida da sanda, jikansa matashi zai iya yini da shi. Wanda sai an ɗaga, an juya, an wanke, sai babba mai ƙarfi wanda aka zauna aka koya wa.

Sannan ki auna kanki, kuma kada ki yi wa kanki kara. Likitoci suna da ma'aunin nauyin jinya wanda Steven Zarit da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 1980, kuma sigarsa da aka fi amfani da ita tambayoyi 22 ce. A ciki akwai: kina jin ba ki da lokacin kanki? Kina jin haushi idan kina kusa da shi? Lafiyarki ta taɓu saboda jinyar? Kina jin da ma wani ya karɓe ki? An sa waɗannan tambayoyin ne domin mutanen kirki masu yawa suna amsa su da "e". Idan kin fara mantuwar magani, kina daka masa tsawa sannan ki shiga ɗaki ki yi kuka, bayanki na ciwo kullum, ko kin daina ɗaga wayar ƙawayenki, to ba sai an jira wata alama ba.

A 1999 Richard Schulz da Scott Beach sun wallafa binciken da suka bi tsofaffi masu jinyar abokan zamansu na kimanin shekara huɗu. Waɗanda suka ce jinyar ta yi musu nauyi, haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya ɗara na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kika kwanta, majinyata biyu za a samu a gidan, kuma babu wanda ya san kan aikin.

Mataki na biyu: wane irin hutu kike bukata?

Takardar nan ta mako guda za ta gaya miki. Idan dare ne ke cinye ki, awa uku na rana ba za su yi miki maganin komai ba, mai kwana kike nema, ko da sau biyu a mako. Idan kina barci amma kin yi wata huɗu ba ki taka ƙofar gida ba, rabin yini kike bukata a kai a kai. Idan jikinki ya riga ya karye, kwanaki ne a jere. Ki zaɓi ɗaya ki fara da shi, ki sa masa rana da lokaci. A ganina awa huɗu kowane mako, wanda kika tabbata yana nan tafe, ya fi mako biyu sau ɗaya a shekara, domin sanin cewa Asabar na zuwa shi kansa yana rage nauyin Talata.

Mataki na uku: littafin jinya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Ranar farko da na bar mahaifiyata da ƙanwata, na ɗauka na gama shiri. Na jera magunguna, na rubuta lokutansu, na nuna mata inda kayan canji suke. Abin da ban faɗa ba, don ni ya zame mini jiki har ban san ilimi ba ne, shi ne tun da ɓarin jikinta ya shanye kalmomi suke rikice mata. Idan tana son zuwa bayan gida, "takalmi" take cewa, saboda da takalmi take shiga. Ta ce takalmi, ƙanwata ta ɗauko ta sa mata a ƙafa tana kwance. Ta sake cewa takalmi, aka kawo wani. Kafin na dawo ta jiƙa gado, ta juya fuska bango ta ƙi magana da kowa, ƙanwata kuma na zaune a ƙofar ɗaki tana hawaye, tana cewa ita ba za ta iya ba. Sai da na yi wata guda kafin na shawo kanta ta sake zuwa.

Don haka ki sayi littafin rubutu mai kauri, ki ajiye shi wuri ɗaya da kowa ya sani, ki rubuta shi kamar wanda zai karanta bai taɓa shiga gidan ba.

Shafin farko na gaggawa ne: cikakken sunan mai jikin, shekarunsa, cututtukan da aka tabbatar yana da su, magungunan da jikinsa ba ya karɓa, lambar likita ko asibitin da ke duba shi, lambarki, da ta mutum biyu bayanki. Ki rubuta inda katin asibiti yake da wanda zai kawo mota idan an bukata da dare.

Shafi na biyu magunguna. Kada ki rubuta "safe da yamma", ki sa ƙarfe nawa. Ki rubuta sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, kamanninsa (ƙaramin fari, dogon ja), guda nawa, kafin abinci ko bayansa, da abin da yake yi. Akwatin magani mai gida-gida na kwana bakwai yana rage kuskure sosai, ke ki cika shi da hannunki. A ƙasa ki rubuta da manyan haruffa cewa idan an manta ba a ba da magani ba, kada a ninka a lokaci na gaba, a kira a tambaya. Idan akwai allurar insulin ko maganin tsinka jini, ki ja layi a ƙarƙashinsu, kuma kada ki bar su a hannun wanda ma'aikacin lafiya bai nuna masa ba.

Sai tsarin yini, daga farkawa zuwa kwanciya. Bayansa kuma shafin da ya fi kowanne daraja, wanda babu likitan da zai iya rubuta miki: halayensa. Da wane suna yake son a kira shi. Wane kunne ne ke ji. Abin da ke tayar masa da hankali, da abin da ke kwantar da shi. Ko ba ya son a taɓa shi ba tare da an fara yi masa magana ba. Ko yana cewa ya ƙoshi alhali bai ci ba, sai an ajiye an ba shi minti goma a sake miƙawa. Ko yana ɓoye ƙwaya a kumatu. Ko yana tambayar wanda ya rasu, da amsar da kike ba shi wadda ba ta sa shi kuka. Kalmominsa na musamman, irin "takalmi" na mahaifiyata. Ki ɗauki mako kina ƙarawa, don ba za su zo miki a zama ɗaya ba. Dabara mai sauƙi ita ce duk lokacin da kika yi wani abu ba tare da ya roƙa ba, ki tsaya ki tambayi kanki yaya aka yi kika san yana so, sai ki rubuta amsar.

A ƙarshen littafin ki bar shafuka fanko inda mai karɓarki zai rubuta abin da ya faru a hannunsa: ya ci ko bai ci ba, ruwa nawa ya sha, ya yi fitsari, ya yi bahaya, an ba da magani ƙarfe nawa.

Mataki na huɗu: roƙon da ba a iya zillewa

"Idan kina bukatar wani abu ki faɗa" magana ce mai daɗi wadda ba ta ɗauke wa kowa komai. Mai faɗar ta sau da yawa da gaske yake, bai dai san me zai yi ba, ke kuma kina jira ya gane da kansa. Ba zai gane ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ki rubuta sunan duk wanda ke da alaƙa da mai jikin: 'ya'ya, jikoki, ƙanne, surukai, tsofaffin abokai, maƙwabtan da ya saba da su. Gaban kowane suna ki sa abin da zai iya, ko da ƙarami ne. Wani ba zai iya wanke tsoho ba amma zai iya zama da shi awa biyu suna hira. Wata tana nesa amma za ta iya ɗaukar nauyin biyan mai kwana. Wani yana da mota, shi ne na ranar asibiti. Sai ki tunkari kowa da abu guda, mai rana da lokaci. Ga yadda tawa ta kasance da babban wana:

"Yaya, ranar Asabar daga goma na safe zuwa biyu nake so ka zo ka zauna da Mama. Kowace Asabar."

"Ai na ce miki in akwai abin da ake bukata ki faɗa."

"Shi ne nake faɗa, Yaya."

Ya yi shiru, ya ce Asabar yana da uzuri. Na ce to Lahadi. Ya zo Lahadi.

Kada ki buɗe zancen da ƙorafi, ko da kina da gaskiya. Da zarar kin ce "ni kaɗai kuka bar wa", an koma shari'ar shekara ashirin da suka wuce, kuma ba za a tashi da jadawali ba. Ki ajiye takardar lissafinki a gabansu su karanta. Mutumin da ya ga "2:40 na dare" sau shida a shafi ɗaya ba ya bukatar dogon bayani. Idan gidan mai yawan gardama ne, ki nemi wani babba da kowa ke jin nauyinsa ya zauna a taron, ko ki roƙi likita ya faɗa da bakinsa cewa mutum ɗaya ba zai iya wannan jinya ba. Abin takaici ne, amma maganar da aka ƙi ji daga bakinki sau goma, daga bakin likita sau ɗaya ake jin ta.

Za a samu wanda zai ƙi. Ki bar shi, ki wuce suna na gaba.

Mataki na biyar: taimako daga wajen dangi

Iri uku aka fi sani. Akwai mai zuwa gida ta karɓe ki na awanni ko ta kwana. Akwai cibiyoyin yini, inda ake kai tsoho da safe a ɗauko shi da yamma. Akwai kuma gidajen kula da tsofaffi masu karɓar mutum na 'yan kwanaki. Wasu ƙasashe sun sa wannan a doka. Inshorar kula da masu rauni ta Jamus, wadda ta fara a 1995, tana biyan wanda zai maye gurbin mai jinya idan ya tafi hutu ko ya yi rashin lafiya. Tsarin Japan na shekarar 2000 ya haɗa da cibiyoyin yini da gajeren zama. A Ingila dokar kulawa ta 2014 ta ba mai jinya haƙƙin hukuma ta duba bukatunsa shi kansa, daban da na majinyacin. A Amurka shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, yana biyan kwana biyar a jere na kwantar da wanda ke jinyar ƙarshen rayuwa don iyalinsa su huta. Duk inda kike, ki tambayi nas ko jami'in walwala na asibitin da ke duba mai jikin me ke akwai, domin irin wannan taimako ba a cika tallarsa ba.

Idan za ki ɗauki wadda za a biya, ki nemi sunayen gidaje biyu da ta taɓa yi wa aiki, ki kira su da kanki. Ki tambaye ta me za ta yi idan ya faɗi, me za ta yi idan ya ƙi shan magani, me za ta yi idan ya zage ta. Ki lura da wanda ta fara gaisarwa da ta shigo, ke ko shi. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan lokaci da aikin da ke kanta da wanda ba ya kanta. Kuɗi, katin banki da takardu masu muhimmanci ki kulle su, don kare ta daga zargi da kare shi daga cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin al'umma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma sau da yawa daga na kusa da su ne. Saboda haka sa ido ya shafi ɗan'uwa kamar yadda ya shafi baƙo. Wani lokaci ki dawo kafin lokacin da kika faɗa.

Mai cutar mantuwa ya fi samun natsuwa a inda ya saba, sabon wuri yakan ƙara rikita shi. In da hali, a zo masa gida.

Mataki na shida: idan shi ne ya ƙi

"Ni ba na son kowa sai ke." Wannan jimla ta tsare mata da yawa a ɗaki ɗaya shekara da shekaru. Ki saurari abin da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa kunya ce, ba ya son wani ya ga tsiraicinsa. Wani lokaci tsoro ne, yana ganin daga awa huɗu za a wuce a yar da shi. Idan kunya ce, ki gama wanka da canji kafin ki fita, kuma a samo masa jinsinsa. Idan tsoro ne, ki faɗa masa ƙarfe nawa za ki dawo, ki dawo a kan lokacin, sau uku a jere, zai fara yarda.

Wanda hankalinsa ke daidai, ki gaya masa gaskiya kuma ki ɗora bukatar a kanki: "Baba, bayana ke ciwo, likita ya ce sai na riƙa hutawa in ina so in ci gaba da kula da ku." Iyaye da yawa da ba za su karɓi taimako don kansu ba za su karɓa don 'yarsu. Ki ba shi zaɓi a inda zaɓi zai yiwu, wa zai zo, wace rana. Amma ko za ki huta ko ba za ki huta ba, wannan ba a sa shi a cikin zaɓin.

Mai cutar mantuwa kuwa, dogon bayani tun kwana uku kafin ranar damuwa kawai zai ƙara masa. Mai karɓarki ta riƙa zuwa a matsayin baƙuwa, ku zauna tare, har fuskarta ta daina zama baƙuwa. Kuma gwajin farko ya kasance da safe, domin da yawansu rikicewarsu tana ƙaruwa ne idan rana ta yi sanyi zuwa faɗuwarta.

Mataki na bakwai: koyarwa sau uku

Zuwan farko, ke ki yi, mai karɓarki ta kalla. Na biyu, ita ta yi, ke ki kalla, hannunki a baya. Wannan ya fi wuya fiye da yadda kike zato, za ki ga tana ninke tawul ba yadda kike yi ba, bakinki zai yi ƙaiƙayi. Ki gyara abin da zai cutar, ki bar abin da salo ne kawai. Na uku, ki fita na awa ɗaya, kusa da gida.

Abubuwan da dole ta iya da hannunta kafin ki yi nisa: ɗagawa ba tare da jan hannunsa ko cusa hannu a hammatarsa ba, musamman hannun da ya shanye, tana lanƙwasa gwiwa ba baya ba, kuma ta danne birkin keken marasa lafiya kafin a zauna ko a tashi. Ba da abinci da ruwa yana zaune sosai, a hankali, kuma ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ya gama, don kada abin ya bi ta hanyar iska zuwa huhu. Idan ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, ko yadda nas ta tsara, ana duba dunduniya, ƙugu, ƙashin gindin baya da kafaɗa. Gyambon kwanciya yana iya farawa cikin awanni. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri. In an gani a ɗauke nauyi daga wurin, kada a murza.

Sai alamomin da ba a jiran dawowarki a kansu, a nemi asibiti nan take: fuska ta karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, faɗuwar da kai ya bugu, musamman ga mai shan maganin tsinka jini, faɗuwar da ya kasa taka ƙafa bayanta, wanda a nan kada a yi gaggawar ɗaga shi don ƙila ƙashin ƙugu ne ya karye. Mai ciwon sukari idan ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, in yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi nan take sannan a kira. Akwai kuma wadda aka fi raina wa: ruɗewar farat ɗaya. Tsohon da jiya yake magana daidai, yau bai san inda yake ba, ko ya yi ta barci ba ya tashi, kada a ce tsufa ne. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko na huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko taurin bahaya, ko wani magani, kuma yana bukatar likita a ranar. Ki rubuta waɗannan a takarda ɗaya ki manna a bango.

Mataki na takwas: ranar fita

Ki yi sallama gajeriya ki tafi. Tsayawa a bakin ƙofa ana komawa ciki sau uku yana tayar da hankalin kowa. Ku yi ƙa'idar waya: ita za ta kira idan ɗaya daga abubuwan da ke bango ya faru, ke kuma za ki kira sau ɗaya tak, a lokacin da kuka ajiye.

Kada ki kashe awa huɗun a layin karɓar maganinsa da sayen kayan gida. Wannan jinya ce a waje, kuma aike ne da za a iya ba wani. Hutun farko, in barci ne bashinki, ki je gidan wata ki rufe ƙofa ki yi barci, don a gidanki kunnenki ba zai kwanta ba. Na biyu ki kai kanki asibiti a auna jininki, a duba bayan nan. Idan kin yi mako biyu ko fiye zuciyarki a cushe, komai ya fita ranki, ko tunanin cutar da kanki ko shi ya taɓa gifta miki, ki faɗa wa likita ƙarara, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Daga na uku ki koma ga abin da kike yi kafin jinya ta zo, ko mene ne shi.

Za ki ji kamar kin yi laifi. Kusan kowa na ji, kuma yana raguwa da maimaitawa.

Mataki na tara: idan ke ce kika kwanta

Wannan gajere ne amma kada ki ɗaga shi zuwa gobe. Ki sa ƙaramin kati a jakarki mai cewa akwai tsoho a gida da ya dogara da ke, da lambar wanda za a kira. Ki ba mutum ɗaya amintacce makullin gida. Ku amince tun yanzu wa zai ɗauki awa 24 na farko, wa zai karɓe shi. Maganin mako guda ya kasance a ajiye kullum.

Bayan kin dawo

Ki fara gaishe shi, ki zauna kusa da shi minti biyar kafin ki duba komai. Zai yiwu ya yi fushi ya ƙi kallonki, ko kuma ki tarar ya sha hira har bai lura da fitarki ba, wanda shi ma yana da nasa ɗan ciwon a zuciya. Sannan ki karanta abin da aka rubuta a littafi, ki duba akwatin magani, da dare wajen canji ki duba fatarsa. Rauni da ba a yi bayaninsa ba, ko ki ga yana firgita idan an ambaci sunan mai karɓarki, abin bincike ne ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan kuwa abin da kika tarar kofi ne a inda ba a ajiye shi da riga a bai-bai, ki yi shiru. Ki tambaye ta me ya ba ta wuya, duk abin da ta faɗa ki ƙara shi a littafi a gabanta. Ki yi mata godiya, kuma kafin ta kai ƙofa ku buɗe kalanda ku sa ranar da za ta dawo.